Uwargida Ce Ke Riƙe Tukunya

A Tamale gidaje da yawa mutum ɗaya ke nema. Maigida na tuƙa keken haya da ake kira yalo-yalo, uwargida na gida da yara. Mai cewa zaman banza take yi bai san gidan ba. Da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022, dabararta ce ta ciyar da yaran nan. Tun da kaka take sa a sayo buhun masara a kasuwar Aboabo, kafin ya yi tsada da damina. Ta shanya kuɓewa, ragowar tuwo ya zama ɗumamen safe, 'yan sidin da suka rage ta zuba adashi.

Maigida, don Allah ka riƙa ba ta kuɗin cefane a dunƙule.