Bindigar Gida da 'Ya'yanmu: Ko a Jikinka, Ko a Kulle



Shugaban taro, malamanmu, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa da suka taso daga jihohi daban-daban na Amurka, barkanmu da haɗuwa. Allah ya saka wa waɗanda suka ɗauki nauyin wannan zama da alheri.

An ba ni 'yan mintuna in taɓo maganar da ba mu cika tayarwa a bainar jama'a ba, wato ƙaramar bindigar da wasunmu suka saya suka ajiye a gida don kare iyali. Ban zo in ce wa kowa ya saya ba, ban kuma zo in ce ya sayar ba. Mai shago a unguwar da ake fashi, da mai tuƙin dare da ke barin mata da yara su kaɗai, kowa ya san abin da ya kai shi kantin bindiga. Maganata ɗaya ce: a gidan da yara ke shiga, bindiga wuri biyu kawai ya halatta ta zauna. Ko tana jikinka, ko tana cikin abin da aka kulle.

Mu fara da amincewa cewa yawancinmu ba mu tashi da wannan abu a gida ba. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Abin da muka sani shi ne bindigar toka ta mafarauta: doguwa, mai nauyi, sai an ɗura albarushi an danna kafin ta tashi. Iyayenmu sun koya mana nisantar bakin rijiya da murhu, amma babu wanda ya gadar mana yadda ake zama da makamin da yake shiga aljihu, yana tashi da taɓawar yatsa ɗaya. Wannan ilimi sai mun neme shi da kanmu.

Ga kuma ƙasar da muke reno a cikinta. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC sun nuna cewa a 2020 harbin bindiga ya zarce haɗarin mota, ya zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Yawancin waɗannan rayuka kisan gilla ne da kuma masu kashe kansu, harbin kuskure shi ne kaso ƙarami, amma shi wannan ƙaramin kason galibi a cikin gida yake faruwa, a ɗakin uba ko na kawu ko na maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta cewa yara miliyan 4.6 ne a Amurka suke kwana a gidan da akwai bindiga ɗure da harsashi, ba a kulle ba.

Iyaye maza, akwai maganganu uku da muke kwantar wa kanmu hankali da su, kuma duk an gwada su.

Ta farko: "Ai bai san inda na ɓoye ta ba." A wani bincike da aka wallafa a 2006, an tambayi iyaye da 'ya'yansu a karkarar jihar Alabama, kowa a keɓe. Cikin yaran da ba su kai shekara goma ba, kashi 73 cikin ɗari sun san inda bindigar gidansu take. Cikin iyayen da suka ce ɗansu bai san wurin ba, kusan biyu cikin biyar yaran sun ƙaryata su. Duk wanda ya taɓa ɓoye alewa ko wayar salula a saman kabad ya san ƙarshen zancen. A Janairun 2023, a garin Newport News na jihar Virginia, yaro ɗan shekara shida ya taka durowa ya ɗauko bindigar mahaifiyarsa daga cikin jaka, ya tafi da ita makaranta ya harbi malamarsa. Allah ya yi da sauran kwanan malamar, uwar kuwa ta tafi gidan yari.

Ta biyu: "Ai ba shi da ƙarfin jan kunama." Likitocin yara sun auna ƙarfin yatsun yara a wani bincike na 1995. Ɗaya cikin huɗu na 'yan shekara uku zuwa huɗu, da kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara biyar zuwa shida, suna iya jan nauyin kusan kilo huɗu da rabi da yatsu biyu. Kunamar Glock, wadda take cikin fistol ɗin da aka fi saya a ƙasar nan, kusan kilo biyu da rabi take buƙata, kuma ba ta da maɓallin tsaro na gefe da ake turawa. Abin da ya fi tayar da hankali, ƙaramin yaro yakan juyo bakin bindiga wajen fuskarsa don ya leƙa, ya sa manyan yatsunsa a kan kunama.

Ta uku ita ce wadda ta fi kama mu, mu da muke alfahari da tarbiyya: "Ɗana yana jin magana, na yi masa kashedi." A birnin Atlanta, a binciken da aka wallafa a 2001, an sa yara maza 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu a ɗaki, rukuni-rukuni, an ɓoye bindigar gaske wadda aka kashe ƙarfinta a cikin durowa, ana kallonsu ta gilashi. Cikin rukunan da suka gano ta, uku cikin huɗu sun ɗauka, kusan rabi kuma an samu wanda ya ja kunama. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa koya musu haɗarin bindiga. Ku ci gaba da koya wa yara cewa in sun ga bindiga su tsaya, kada su taɓa, su fita su kira babba. Amma yaro yaro ne. Ba a ɗora wa ɗan shekara bakwai nauyin tsare ransa, alhali uban yana iya sayen kwaɗo.

To yaya ake ajiyewa? Likitoci sun tsaya a kan abu huɗu, kuma wani bincike na 2005 ya nuna kowannensu yana rage haɗari sosai: a cire harsashi, a kulle bindiga, a kulle harsashi, a raba musu wurin zama. A wajen cire harsashi ne ake yawan yin kuskuren da ke kashewa. Mutum ya zare gidan harsashi daga marikin bindiga ya ɗauka ta zama fanko, alhali ƙwaya ɗaya tana kwance a ciki tana jira. Sai ka fara zare gidan harsashin, sannan ka ja saman bindigar baya, ka duba ramin da idonka, bakinta yana kallon inda babu kowa, yatsanka nesa da kunama.

Kayan kullewa ba su da tsada. Dokar tarayya ta 2005 ta wajabta wa dillali mai lasisi ya haɗa maka da abin kullewa duk lokacin da ya sayar maka da ƙaramar bindiga. Akwai kwaɗo mai igiyar ƙarfe da ake zurawa ta cikin bindiga ta yadda ba za ta rufu ba balle ta tashi, kuma ofisoshin 'yan sanda da yawa suna ba da shi kyauta ƙarƙashin shirin Project ChildSafe. Akwai kwaɗon da ake maƙalawa a kan kunama, amma kada a kuskura a sa shi a bindigar da ke ɗure, domin wajen sawa ko cirewa tana iya tashi.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa: "Malam, ɓarawo yana bakin ƙofa, yaushe zan tsaya neman makulli?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma tana da amsa. Akwai ƙaramin sef na ƙarfe da ake buɗewa da lambobi ko da zanen yatsa cikin daƙiƙu kaɗan, kuɗinsa bai kai rabin kuɗin bindigar ba. Ka ɗaure shi da kusa a jikin bango ko gado, don kada a ɗauke shi gaba ɗaya. Ka riƙa gwada buɗe shi a cikin duhu har hannunka ya saba. Ka riƙa canza batir. Kada lambar sirrin ta zama ranar haihuwar wani ko lambar buɗe wayarka, wadda yaranka sun riga sun haddace, kuma kada ka danna ta a gabansu. Makullin ko-ta-kwana ya bar ɗakin gaba ɗaya. Sannan ka auna da hankalinka: ɓarawo mai yiwuwa ne ya zo, mai yiwuwa har ka tsufa bai zo ba. Yaronka kuwa yana gidan kullum, safe da yamma.

Iyaye mata, jaka ba wurin ajiya ba ce. A Disambar 2014, a jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu da ke zaune a keken sayayya ya zuge jakar mahaifiyarsa a cikin kanti, bindiga ta tashi, uwar ta rasu nan take. Direbobinmu kuma, aljihun gaban mota da ƙarƙashin kujera ba makulli ba ne. Motar da ka yi aikin dare da ita, ita ce ke kai yara makaranta da safe. Lokacin da ya fi haɗari shi ne ka dawo a gajiye, ka cire ta daga ƙugu ka ɗora a kan tebur, ka ce bari in yi alwala tukuna. Daga ƙugu sai sef, babu zango a tsakani.

In yara sun girma haɗarin ba ya ƙarewa, kama yake canzawa. Matashin da ke tsakanin al'adu biyu, ana tsangwamarsa a makaranta, yana jin nauyin faɗa wa iyayensa, yana iya yanke mummunar shawara cikin 'yan mintuna. Kusan tara cikin goma na masu yunƙurin kashe kansu da bindiga ba sa tashi, yawancin matasan da suka yi haka kuma da bindigar gidansu suka yi. In ka ga ɗanka ko 'yarka sun shiga ƙunci, ka fitar da bindigar daga gidan ta hanyar da dokar jiharku ta yarda, ka nemi likita. Lambar 988 tana amsa kira dare da rana.

Hukuma ma ba ta ɗaukar wannan da wasa. Jihar Massachusetts ta wajabta kulle duk bindigar da ba ta hannun mai ita. New York, Maryland, Michigan, Texas da wasu da dama suna da dokokin hana yara kaiwa ga bindiga, kowace da sharuɗɗanta, don haka kowa ya binciki ta jiharsa. A Michigan, a 2024, kotu ta ɗaure uwa da uba shekara 10 zuwa 15 bayan ɗansu ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford da bindigar da uban ya saya 'yan kwanaki kafin nan. Mu baƙi kuma muna da ƙarin abin lura. Dokar tarayya ta haramta riƙe bindiga ga wanda ba shi da takardun zama, haka ma yawancin masu bizar ziyara ko ta karatu, kuma laifin da ya shafi bindiga yana iya sa a kori ko mai takardar zama ta dindindin. Kada ka ba ɗan'uwan da ya zo jiya ajiyarta don kawai kun fito gari ɗaya.

Saura abin da ya fi mana wuya. Mu mutane ne masu zumunci. Ranar suna ko walima, yara ashirin suna zagaye gida ɗaya, manya suna falo ana hira, babu wanda ya san wa ya shiga ɗakin maigida. Yaranmu suna kwana gidan gwaggo, suna wuni gidan maƙwabta. Ko gidanka babu bindiga, maganar nan taka ce. A jihar Connecticut, a 2018, wani yaro ɗan shekara 15 ya rasu da harbin kuskure a gidan abokinsa, abin da ya sa jihar ta tsaurara dokar ajiya a 2019. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana shawartar iyaye su tambaya kafin su tura yaro wani gida: akwai bindiga, in akwai a kulle take? A wurinmu wannan tambaya tana da nauyi a baki. Ƙarami zai ji kunyar yi wa babba, suruki ba zai iya yi wa surukinsa ba. Shi ya sa nake roƙon dattawanmu su sauƙaƙa mana. Alhaji, in yaran ƙaninka za su zo, kai ka fara cewa, "Akwai bindiga a gidan nan, amma tana sef." In babba ya fara, kunya ta faɗi.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu suna nan, sun san addini bai taɓa mai da ita mafakar sakaci ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada su ji wa wani rauni. In an yi wannan taka-tsantsan da kibiya a tsakanin manya, ina ga fistol a tsakanin yara?

Ina roƙon abu uku kafin taronmu na gaba. Duk mai bindiga ya kulle ta a daren yau, ko da kwaɗon da aka ba shi ranar saye ne, kafin ya sayi sef. Shugabanninmu su tuntuɓi 'yan sandan yankinsu su karɓo kwaɗunan kyauta, a ajiye a ƙofar masallaci da wurin taro, kowa ya ɗauka ba tare da an tambaye shi komai ba. Limamanmu kuma su sa maganar a huɗuba, domin waɗanda ba su zo yau ba su ji.

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su daga sharrin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya mai da kowa gidansa lafiya.