Jawabin Rufe Zagayen Masu Ƙananan Sana'o'i a Birnin Kano



Tun safe muke tafe a ƙasa. Wannan zagaye an buɗe shi ga kowa, ɗan jam'iyya da wanda ba ruwansa da siyasa. To amma mu da muke neman ƙuri'ar mutanen nan, mu ya fi kamata mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi kan abin da idonmu ya gani yau.

Mun faro daga karofin Ƙofar Mata, wanda ake lissafa kafuwarsa tun 1498. Kun ga yadda marina ke haɗa baba da toka a rami, su bar shi ya yi kwanaki yana nuna kafin a tsoma ƙyalle. Kun ji ƙarar mabuga a gefe. Amma kun ƙirga ramukan da suka bushe? Yadin waje mai araha ya cika kasuwa, yaran marina kuma sun koma tuƙa adaidaita sahu. Wallahi abin da tausayi.

Daga nan muka ratsa Kasuwar Kurmi, wadda ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, muka gaisa da dukawa da masu kayan doki. Muka ƙare a Ƙofar Wambai wajen masu takalma. A nan kukan ɗaya ne: wuta. Idan babu wuta sai janareta, shi kuma fetur tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama abin da ya zama. Ga masu karɓar haraji, wannan ya yanka rasit ya tafi, wancan ya shigo da nasa. Ribar takalmi nawa ce da za ta ɗauki wannan duka?

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Babu wanda ya roƙe mu taliya yau. Ciniki suke nema, da wuta, da haraji guda ɗaya da aka san adadinsa. Mu kuwa sai zaɓe ya ƙarato mu zo da atamfar rabo, ita ma daga waje aka shigo da ita. Ashe da kuɗinmu muke taya kashe sana'ar wanda muke so ya zaɓe mu!

Don haka ga abin da nake roƙo. Na ɗaya, shugabannin mazaɓu kowa ya koma unguwarsa ya rubuta masu sana'ar da ke cikinta, har da matan da ke ɗinkin hula da suyar awara a cikin gida. Na biyu, duk hula ko riga ko takalmin da za mu raba a taro, a hannunsu za mu saya. Na uku, maganar wuta da haraji mu kai wa kansilolinmu da 'yan majalisarmu a rubuce, mu kuma bi sawu.

Wata uku masu zuwa mu sake komawa wuraren nan. Kada mu je da hannu biyu, kada kuma mu je da kamara kawai.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.