Dalar Gyada a Bayan Kwabo Ashirin da Biyar

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, malamai da ɗalibai na Rano da Kibiya.

Dattawan da ke zauren nan sun ci kasuwa da anini da ɗari da kwabo mai huji, da taro da sisi da sule da fataka. Waɗanda aka buga a 1959 kan Sarauniya Elizabeth ke gaban manyansu, amma bayansu namu ne: auduga a taro, koko a sisi, ganyen kwakwa a sule, gyada a fataka.

Ranar 1 ga Janairu 1973 Naira da Kwabo suka fito, kan Sarauniya ya sauka, tambarin ƙasa ya hau. Ku dube shi da kyau. Baƙar garkuwa ƙasar noma ce, farin zanen da ya rabu biyu Kwara ce da Binuwai inda suka haɗu a Lakwaja, dawakai biyu martaba, jar mikiya ƙarfi. Da yawa cikinmu a tafin hannu muka fara ganin tambarin nan, wajen karɓar canji, tun ba mu gan shi a bangon ofis ba.

Inda nake so mu daɗe shi ne kwabo 25. Juya shi, sai ga gyada da dalar buhuna. Gumin wa ke cikin buhunan nan? Na manoman ƙasar Kano ne, har da kakanninku da suka tuge ta, suka ɓare, suka kai sikeli, aka loda ta zuwa birni tana jiran jirgin ƙasa. A ganina wannan ne kuɗin tunawa na gaskiya, ko da yake ba da wannan niyya aka buga shi ba, domin yana fitowa fari ya auka, sannan cutar gyada ta 1975 ta biyo baya, dalar ta zama labari. Ƙarfen dai ya riƙe surarta.

Babban Bankin Nijeriya ya yi kuɗin tunawa da gangan: Naira 50 a 2010, Naira 100 a 2014 don cika shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu. Takardun kuɗi ne, sukan yage. Tsabar 2007 kuwa, mai Herbert Macaulay da ginin Majalisa, ko mai sayar da ƙosai ba ta karɓa, tsadar kaya ta cinye darajarta.

Shi ya sa yaranmu ba su san waɗannan ba. Rano ɗaya ce cikin Hausa Bakwai, bai kamata Autan Bawo ya rasa inda zai ajiye tarihinsa ba. Ina roƙon iyaye mata a binciki ƙasan adaka da tsofaffin kwalla; akwai ma liyari mai mikiya kai biyu da shekarar 1780, wanda bai kai hannun maƙera ba. A kawo wa shugabannin makarantun sakandare na Rano da Kibiya, a sa a akwatin gilashi, a rubuta sunan kowanne da Hausa da shekarar da aka buga shi.