Bayan Tiyata: Yadda Za A Koma Tafiya Har A Kai Ga Gudu

(Jawabi ga manoma, masunta da matan gida na ƙasar Haɗeja)

  

Maganarmu ta yau a kan mutumin da aka yi wa aiki a asibiti ce, wato tiyata. Likita ya yanka, ya gyara, ya ɗinke. An sallamo mutum ya dawo gida. To, yaushe zai tashi? Yaushe zai koma gona? Shin zai sake yin gudu kamar da? Amsar ita ce zai yi, in dai ya bi abin sannu a hankali.

Ayyukan da muka sani

A nan ƙasar tamu, daga Auyo zuwa Kafin Hausa, daga Kirikasamma zuwa Guri da Birniwa, ba ƙauyen da ba shi da wanda aka taɓa yi wa aiki. Maza an fi yi musu aikin gwaiwa da ƙaba. Mata kuma ana yi musu aiki a ciro jariri idan haihuwa ta zo da gardama. Wasu a Babban Asibitin Haɗeja ake yi musu. Wasu sai an kai su Dutse, ko Asibitin Malam Aminu Kano. A Jahun kuma, tun shekarar 2008 likitocin ƙungiyar MSF suke taimakon mata masu naƙuda da masu yoyon fitsari.

Akwai wani aikin da ba mu saba ji ba, shi ne tiyatar rage ƙiba. Ana yi wa wanda teɓa ta yi wa yawa har ta jawo masa ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon gwiwa. A wani irin aikin, likita yakan cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin mutum, don ya riƙa ƙoshi da abinci kaɗan. Wannan aiki sai babban asibiti mai ƙwararrun likitoci. Kada mu ce ƙiba ciwon Turawa ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Mu ma muna ganinta a kasuwanninmu, wajen masu wuni a zaune a shago, da waɗanda ko masallacin unguwa sai a kan babur.

Ko wane irin aiki aka yi a ciki, hanyar komawa ƙarfi kusan ɗaya ce. Ita zan bayyana muku.

Kuskure biyu

Kuskure na farko shi ne yawan kwanciya. 'Yan'uwa sukan ce, "Kwanta abinka, kada ɗinki ya ɓalle." Sai mutum ya yi mako biyu bai taka ƙofar ɗaki ba. Wannan tausayi ne mai cutarwa. Idan ƙafa ba ta motsi, jini yakan daskare a cikin jijiyar sha-raɓa ya zama guda. Gudan nan yana iya tafiya ya toshe hanyar jini a huhu, mutum ya mutu farat ɗaya. Yawan kwanciya kuma yana tara majina a ƙirji, yana ɗaure ciki, yana sa jiki ya saki. Shi ya sa malaman asibiti suke tayar da majinyaci ya ɗan taka tun ranar da aka yi aikin ko washegari. Ba mugunta ba ce, magani ne.

Kuskure na biyu shi ne gaggawa. Mutum ya ga miki ya rufe a waje, sai ya ce ya warke. Ya ɗauki buhun shinkafa, ko ya cicciɓi injin ban-ruwa, ko ya shiga tura kwalekwale. Mace kuma ta koma daka da jan guga. Ku sani fata ce take saurin haɗewa. Naman ciki yana bukatar kamar mako 6 kafin ya fara yin ƙwari. Wanda ya yi yunƙuri kafin lokacin, ɗinkin ciki yana iya buɗewa, gwaiwa ta dawo. Sai a sake sayar da akuya ko hatsi a koma asibiti. An yi asarar kuɗi biyu da damina guda.

Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ga matakan.

Mataki na 1: tafiya a gida

Mako biyu na farko, ka riƙa tashi kana zagaya tsakar gida. Minti 5, sau 3 ko 4 a rana. Idan za ka tashi daga shimfiɗa, ka juya ta gefe tukuna, ka dafa da hannu. Idan tari ko atishawa ta zo, ka dafe wurin ɗinkin da matashi. Kullum ka ƙara kaɗan. Yau ƙofar gida, gobe bakin masallaci, jibi gindin bishiyar da ake hira.

Mataki na 2: tafiya a gari

Daga mako na 3 zuwa na 6, ka ƙara nisa. Fara da minti 10, ka kai 20, har ka kai 30. Ka bi hanya shimfiɗaɗɗiya, ban da kunya-kunyar gona da gaɓar kogi mai santsi. A duk tsawon wannan lokaci ban da ɗaukar kaya mai nauyi. Ban da huɗa, ban da faskare, ban da surfe. Hawa babur a hanya mai gargada shi ma a rage.

Mataki na 3: a koma wurin likita

Ranar da aka rubuta maka a kati ka koma, to ka koma, ko da kana jin garau. Ka tambayi likita ƙarara: "Zan iya komawa gona? Zan iya fara gudu?" Sai ya duba ya yarda. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini da mai ciwon sukari su faɗa masa. Macen da aka ciro wa jariri ta ƙara haƙuri, don ita gudu yakan jira wata 3 ko fiye. Wadda aka yi wa gyaran yoyon fitsari tana da nata dokokin daban, ta riƙe su yadda aka gaya mata.

Mataki na 4: sassarfa

Akwai wani tsari na koyon gudu da wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya fito da shi a 1996. Hukumar lafiya ta Ingila ma ta karɓe shi tana koya wa mutanenta. Tsarin na mako 9 ne. Ana fita sau 3 a mako, ana hutun kwana ɗaya a tsakani. Ga yadda yake:

Kullum a fara da tafiya ta minti 5, jiki ya ɗau zafi.

Mako na 1: sassarfa minti 1, tafiya minti 1 da rabi. A yi ta maimaitawa har minti 20.

Mako na 2: sassarfa minti 1 da rabi, tafiya minti 2.

Haka za a riƙa ƙara sassarfa ana rage tafiya. A ƙarshen mako na 5 mutum yakan yi minti 20 bai tsaya ba. A mako na 9 yakan yi minti 30, wato wajen kilomita 5 ga mai sauri.

Agogon wayar hannu ya isa a auna lokaci. Wanda ba shi da waya ya yi alama da itatuwa ko turakun lantarki: sassarfa daga wannan zuwa wancan, sannan tafiya. Idan mako ya yi maka wuya, ka maimaita shi, ba tsere ake yi ba. Ga ma'auni mai sauƙi: in kana sassarfa kana iya yi wa abokinka magana, daidai ne. In magana ta gagara, ka yi sauri da yawa.

Mai ƙiba sosai da mai ciwon gwiwa su daɗe a kan tafiya mai sauri kafin su fara sassarfa. Dattijon da yake jin nauyin a gan shi yana gudu, da matar da ba ta fita, tafiya mai sauri ta wadatar, ko da a tsakar gida ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato minti 30 a rana, kwana 5.

Abin lura a ƙasarmu

Zafi. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin Haɗeja yakan wuce digiri 40. A fita bayan asuba ko dab da magariba. A sha ruwa mai tsabta kafin fita da bayan dawowa. Wanda aka rage wa tumbi ba ya iya kwankwaɗar ruwa da yawa, sai ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini.

Ruwa. Mai sabon ɗinki kada ya shiga kogi, ko fadama, ko ruwan da ya kwanta cikin kacalla. Ruwan yana sa miki ya ruɓe, ga kuma tsargiya.

Takalmi. A sa kambas ko wani takalmi mai rufi, saboda ƙaya da kwalba. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa kullum, don yana iya jin rauni bai sani ba.

Abinci. Jiki yana ɗinke kansa da kifi, wake, ƙwai, gyaɗa da nono. Kifi kuwa Allah ya hore mana. A haɗa da zogale, kuka da kankana don ciki ya saki, a huta da yunƙuri a bayan gida. Masu shan taba su bari, don tana jawo tari, tana hana miki warkewa.

Lokaci. In aikin ba na gaggawa ba ne, a shawarta da likita a sa ranar bayan an gama girbi. Mun ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yanke hanyoyin ƙauyuka, zuwa asibiti ya yi wuya. Masu noman rani su nemi wanda zai riƙe musu ban-ruwa na mako 6. Amma gwaiwar da ta kumbura ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ba ta jiran girbi. A tafi asibiti a ranar.

Alamomin haɗari

A daina motsa jiki a garzaya asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama.
2. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi.
3. Miki yana fitar da jini ko mugunya, ko ya buɗe.
4. Zazzaɓi, ko amai da ya ƙi tsayawa.
5. Jiri ko suma.
6. Sabon kumburi a wurin ɗinki.

Kada a tsaya shafa magani ko yin tsaga a gida.

Roƙona ga 'yan'uwa

Mai jinya shi kaɗai ba zai iya ba. Maigida, in an yi wa matarka aiki, ka samo mai yi mata daka da ɗebo ruwa. 'Ya'ya, ku karɓi fartanyar babanku na wannan ɗan lokaci. Maƙwabta, a yi masa gayya kamar yadda iyayenmu suka saba. Mai zuwa dubiya kuma, bayan gaisuwa, ya ce, "Taso in raka ka mu ɗan taka." Wannan rakiya ta fi kwanon fura amfani.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya.