Fuskar Tsohuwar Mota: Gyara Ko Ɓad Da Kama?



Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ita ma mota tana da fuska, watau lagireto da murfin inji da ke bayansa, wanda makanikai ke kira bonet. A kan wannan fuska za mu yi magana, kuma za mu ɗauki misali da Rolls-Royce ta Ingila, irin motar da akan gani a fadojin wasu sarakunanmu.

An kafa kamfanin a 1906. Tun farko aka ƙera lagiretonsa a tsaye, da siffar ƙofar ɗakunan bauta na Girkawa da Rumawan da. A 1911 Charles Sykes ya sassaƙa 'yar mutum-mutumin nan da ke tsaye a bisansa. Daga nan kamfanin bai daina taɓa fuskar ba. A 1933 aka mayar da jajayen haruffan RR baƙaƙe. A 1934 aka fito da mutum-mutumin a durƙushe, don kada ya tare wa direba hanya. Da aka ƙera Silver Shadow a 1965, sai aka rage wa bonet da lagireto tsawo. Duk da haka, wanda ya hango motar daga nesa ya san ko wace ce. Wannan shi ne gyaran mai abu, wanda yake yi a fili.

Akwai kuma wani gyaran dabam. Tsakanin 1922 da 1929 kamfanin ya ƙera wata ƙaramar mota da ake kira Twenty. Na farkonta, filayen ƙarfen da ke gaban lagireto, masu buɗewa da rufewa don daidaita zafin inji, a kwance suke. Daga baya aka tsayar da su. A lokacin kuwa kamfanin inji da ƙashin mota kawai yake sayarwa, jiki sai wasu maƙera su ɗora. Saboda haka a shekarun 1930 wasu dillalai a Landan suka riƙa sayen tsofaffin Twenty da araha, su ɗora musu sabon jiki, su sa dogon lagireto da bonet na yayi, har tsohuwa ta yi kama da budurwa.

Ba mu ce sun yi ɓarna zalla ba, gama da dama daga motocin da an farfasa su tuni ba don haka ba. Amma sabuwar fuska ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: lambar da aka buga a ƙashin motar tana faɗin shekarunta. Shi ya sa masu tara tsofaffin motoci suka fi daraja wadda ta tsira da fuskarta ta asali.

Ra'ayinmu ke nan, 'yan'uwa. Abin da ya lalace a gyara shi. In ya zama dole a sauya, a adana wanda aka cire, a rubuta abin da aka yi da shekarar da aka yi shi, don kada a ruɗi na baya. Cikinmu akwai injiniyoyin gobe, kuma wata rana za a danƙa musu abin da wasu suka ƙera. Muna fata za su tuna da wannan.