Jerin Sunayen Manoma: Wa Ya Tsara Shi, Wa Aka Bari a Baya?



Maganata a yau a kan takarda guda ce wadda kowa ya sani, wato jerin sunaye. Da ita ake raba taki da iri da bashin noma daga Funtua har Malumfashi, amma da wuya mu tsaya mu tambayi wanda ya tsara ta.

Tun zamanin En'e dagaci da mai unguwa ke lissafa magidanta don karɓar haraji, har Gwamna Balarabe Musa ya soke harajin a 1979, lokacin muna cikin Jihar Kaduna. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, sai jeri ya koma na rabo. A 2012 kuma gwamnatin tarayya ta shiga raba taki ta saƙon wayar salula. Abin da bai sauya ba shi ne siffar takardar: layi ɗaya, suna ɗaya, gona ɗaya.

To, haka gidajenmu suke? A gida guda akwai gandun maigida, akwai gayaunar kowane ɗa, akwai matar da ta gaji fili take sa a noma mata waken suya. A maƙwabta ga mai noman aro, ga mai haya, ga wanda ya karɓi jingina. Takarda mai layi ɗaya maigida kaɗai ta sani. Sauran sun faɗi tun kafin a ɗauki biro, ba don wani ya zalunce su da gangan ba.

Shawarata ita ce a mai da tsara jerin ya zama aikin gayya. A zauna a filin makarantar gari, a zana taswirar unguwanni a ƙasa, a aza dutse a kan kowane gida, a kira sunaye da ƙarfi kowa na ji. Wanda aka tsallake, maƙwabcinsa zai tuna da shi. Mata su yi nasu zaman daban, sannan a haɗa. Manoman ne za su faɗi abin da za a tambaya: wa ke noma gonar, me ya shuka, tasa ce ko ta aro, kuma yaushe yake bukatar takin. Takin da ya iso bayan masara ta yi goyo, kasuwa za shi.

Haka ma jerin bukatu. Abin da aka fara rubutawa shi ake ɗauka mafi muhimmanci, alhali mai babbar murya ne ya riga faɗa. A ba kowa ƙwayar masara goma ya rarraba a kan bukatun, sannan a ƙirga. Irin wannan dabara ce Robert Chambers na Ingila ya daɗe yana koyarwa, kuma ba ta bukatar iya karatu.

Ina roƙon hukumar aikin gona ta jiharmu, wato KTARDA, da ƙananan hukumominmu su riƙa liƙa jerin a ƙofar dagaci mako guda kafin rabo, da boko da ajami. Ku kuma manoma, kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba. Allah ya ba mu damina mai albarka.