Haƙƙin mai ciwon haƙori idan aikin likita ya ɓaci



Maganar yau ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya, domin ciwon haƙori bai san mai kanti ba, bai san mai albashi ba. Tambayar ita ce: mutum ya biya kuɗinsa, an yi masa aiki a baki, aikin kuwa ya ɓaci, ina zai kai kukansa, me kuma zai samu? Amsar da aka saba ji daga Yamai har Damagaram ita ce: "Ƙaddara ce, a yi haƙuri." Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa hana wanda aka cuta neman diyya ba. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da hukunta cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, lamunin ɓarnar yana wuyansa.

Abu na farko shi ne a rarrabe laifi da tsautsayi. A shekarar 1936 kotun ƙoli ta Faransa ta yanke hukuncin da aka sani da sunan Mercier, wanda har yau ake koyar da shi a ƙasashen da suka gaji dokokin Faransa, irin Nijar. Ma'anarsa ita ce likita bai ɗauki alkawarin warkarwa ba; alkawarin da ya ɗauka shi ne ya yi aiki da kula, da natsuwa, bisa ilimin da aka tabbatar. Saboda haka zafi ko kumburi na ƴan kwanaki bayan cire haƙori ba hujja ba ce a kan likita. Amma wanda ya cire lahiyayyen haƙori ya bar ruɓaɓɓen, ko ya yi aiki da kayan da ba a tsabtace ba, ko ya bar guntun saiwa cikin dasashi bai gaya wa mai shi ba, ko ya rubuta maganin da maras lahiya ya riga ya ce jikinsa ba ya ɗauka, wannan yana da tambayar da zai amsa.

Kafin maganar ƙara, sai a ceci jiki tukuna. Kumburin da ke sauka wajen wuya tare da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya da numfashi, ko jinin da ya ƙi tsayawa, duk ba abin jira ba ne, asibiti ake nufa nan take. Haka leɓen da ya mutu bai farfaɗo ba bayan ƙarfin allurar ya wuce, domin yana iya zama an taɓa jijiya. Zuwa wurin wani likitan yana da amfani biyu: ga magani, ga kuma takardar shaidar abin da ya gani, da kwanan wata da sa hannu.

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, domin alƙali da takarda yake aiki. Karnen asibiti, takardar magani, takardar biyan kuɗi, hoton haƙori na kafin aiki da na bayansa, duk a adana su kamar yadda ɗan kasuwa ke adana takardun duwan. Wanda ya biya jika hamsin hannu da hannu bai karɓi rubutu ba, shi ya raunana ƙararsa tun kafin ya shigar da ita.

Ƙofofin neman haƙƙi huɗu ne, kowace da abin da take bayarwa.

Ta farko ita ce likitan kansa, ko mai asibitin. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma sau da yawa sulhu ya fi sauri da araha: a gyara aikin kyauta, ko a mayar da kuɗi, ko a ɗauki nauyin magani a wani wuri. Sai dai a rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu, kada kuma a yarda an yafe kome kafin a san iyakar lahanin.

Ta biyu ita ce shugabanni. In asibitin gwamnati ne, sai a rubuta wa darakta, in ya yi shiru a wuce hukumar kiwon lahiya ta jiha, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ban da wannan akwai majalisar ƴan sana'a. Tun shekarar 1988 dokar Nijar ta sa likitoci da masu harhaɗa magunguna da likitocin haƙori ƙarƙashin irin wannan majalisa, wadda ke da ikon yi wa ɗanta gargaɗi, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa. Abin lura shi ne majalisar ladabtarwa take yi, ba ta biyan diyya. Amfaninta shi ne ta kare wanda zai zauna kan kujerar gobe.

Ta uku ita ce kotu, kuma nan ne ake samun diyya. Ko an bi ta hanyar yarjejeniyar da ke tsakanin likita da maras lahiya, ko ta aya ta 1382 ta dokar zaman jama'a, wadda ta ɗora wa mai laifi gyaran ɓarnar da ya jawo, abu uku ake son mai ƙara ya tabbatar: akwai laifi, akwai lahani, kuma laifin ne ya haifi lahanin. Da yake alƙali ba likita ba ne, yakan naɗa gwani ya duba, galibi mai ƙara ne ke fara ajiye kuɗin aikin. Lahanin da ake lissafawa ya haɗa da kuɗin magani, da kwanakin da kanti ya yi a rufe, da azabar da aka sha. In a asibitin gwamnati abin ya auku, bisa ƙa'ida asibitin ake kai ƙara, ba ma'aikacin ba. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci; shi ya sa a shekarar 2011 aka yi dokar kafa hukumar ANAJJ, don taimaka wa marasa hali da shawara da lauya.

Ta huɗu ita ce ƙarar laifi, wurin ƴan sanda ko jandarma ko mai gabatar da ƙara na gwamnati. Wannan ta dace da sakacin da ya kai ga rauni mai tsanani ko mutuwa, da kuma wanda ke aikin likita ba shi da izini. Mai cire haƙori a bakin tasha ko ranar kasuwa yana da araha, amma ƙarfe guda da ya shiga baki goma yana iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan zuwa wancan. Ran da abin ya ɓaci kuwa, ba shi da adireshi, ba ya cikin rajista, ba shi da dukiyar da zai biya diyya.

A Faransa, dokar 4 ga watan Maris 2002 ta bai wa maras lahiya ikon karɓar takardun jinyarsa kai tsaye, ta kuma kafa kwamitocin sasantawa da hukumar biyan diyya ga wanda haɗarin magani mai tsanani ya auka wa, ko da likita bai yi laifi ba. Hanya mai sauƙi irin wannan, wadda talaka zai iya bi ba tare da ya sayar da gonarsa ba, ita ya kamata ƴan ƙasa su riƙa nema wurin mahukunta.

Likita na gari ba ya tsoron mai tambaya, domin tambayar ita ke raba shi da ɗan damfara. Ɗan ƙasar da ya nemi takardarsa, ya kai kukansa inda ya dace, ba fitina ya tayar ba, haƙƙinsa ya nema. Allah Ya ba marasa lahiya sauƙi, Ya ba masu magani tsoronSa.